Baƙi da Fassara: Tarihin Wata Gardama Daga Iskandariya Zuwa Kano

Wanda ya taso daga Tudun Murtala ya nufi cikin Nasarawa ta Kano, in ya yi tambaya, za a nuna masa wani tsohon ginin ƙasa wanda a ke kira Gidan Ɗan Hausa. Nan ne Baturen nan Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya zauna, a nan Nasarawa kuma ya buɗe makarantar boko cikin 1909. Cikin waɗanda suka taimake shi koyarwa akwai wani dattijo, sunansa Dorugu, wanda ya rasu cikin 1912. Ta bakin wannan dattijo ne Littafin Kirista ya fara samun hanyar shigowa harshen Hausa sosai, tun yana ɗan saurayi.

An haifi Dorugu a ƙasar Damagaram wajen 1840. Yana yaro mahara suka kama shi, aka sayar da shi, har ya faɗa hannun wani Bajamushe matafiyi mai suna Overweg a Barno, wanda ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu cikin 1852, sai yaron ya koma bin abokin tafiyarsa Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Ya bi shi har Tambutu, sa'an nan suka ƙetare Sahara tare, suka isa Ingila cikin 1855. A can ya zauna gidan wani limamin Kirista, Schön, wanda ya daɗe yana kokawa da Hausa tun lokacin da ya biyo jirgin ruwa cikin Kwara a 1841. Da taimakon yaron nan Schön ya fid da Linjilar Matta da Hausa cikin 1857, littafin Farawa cikin 1858, na Fitowa kuma cikin 1859. Dorugu bai komo gida ba sai 1864.

To, abin mamaki shi ne, shekarun nan tara da Dorugu ya yi a Ingila, ana zaune a ɗaki ana neman kalmar Hausa da za ta dace da kowace aya, su ne shekarun da masu littafin suka fi tsananta gardama tsakaninsu a kansa. Tambaya biyu ce ta hana su barci. Ta fari, abin da ke rubuce, za a ɗauke shi ne bisa zahirinsa, baƙi da baƙi, ko kuwa wani wuri misali ne? Ta biyu, rubutun da ke hannu yau, shi ne ainihin wanda aka rubuta tun farko, ko hannun masu kwafa ya taɓa shi?

Tambaya ta fari ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Mun san wanda ya ci kasuwa bai haɗiye rumfa ba, wanda aka ce hannunsa a buɗe ya ke kuwa, ba mai zuwa duban tafinsa. Malamanmu suna kiran wannan bambanci haƙiƙa da majazi, sun kuma yi tasu muhawara kan ayoyin da suka ambaci hannu da fuska game da Ubangiji, waɗansu suka yi tawili, waɗansu suka ce a bar su yadda suka zo ba tare da tambayar yaya ba. Wahalar ita ce, littafi ba ya ɗaga murya ko ƙifta ido ya nuna maka inda ya ke zaurance. A cikin Linjila akwai wurare masu sauƙi. Inda Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya kwatanta kansa da ƙofa ko da kurangar inabi, ba wanda ya taɓa zaton itace a ke nufi. Inda ya yi maganar raƙumi da kafar allura, Bahaushe ya fi Bature saurin ganewa, gama ya san raƙumi. Amma kwana shida da aka ce an halicci duniya a cikinsu fa? Kwana ne irin namu na fitowar rana da faɗuwarta? Macijin da ya yi magana a gonar Adnin fa? Nan ne kawuna suka rabu.

Rabuwar kuwa a ƙasar Afirka ta fara yin ƙarfi. A birnin Iskandariya na Masar an yi wani malami, Orijen, wanda aka haifa wajen 185 ya rasu wajen 254. Shi ya koyar cewa nassi kamar mutum ya ke, yana da jiki da rai da ruhu. Jikin shi ne labarin da ke bisa takarda, ran shi ne darasin hali, ruhun kuwa shi ne ɓoyayyen asiri wanda sai mai zurfin karatu ke kaiwa gare shi. Ya lura cewa bisa jerin littafin Farawa ba a yi rana ba sai kwana na huɗu, ya ce to ina aka samo safiya da maraice na kwana ukun farko? A ganinsa, Ubangiji ne da kansa ya ajiye irin wannan tuntuɓe cikin nassi don mai karatu ya tsaya ya tona. Ga abin dariya kuma ga abin tausayi, Yusibiyas mai tarihin ikilisiya ya ba da labari cewa Orijen ɗin nan, yana saurayi, ya ɗauki wata aya ta Linjilar Matta mai maganar babanni bisa zahirinta, ya yi wa kansa dandaƙa. Waɗansu masana suna shakkar labarin. In ya tabbata kuwa, sarkin masu tawili ya koyi amfanin tawili da tsada.

Malaman Antakiya ta ƙasar Sham ba su yarda da hanyar Iskandariya ba. Babbansu, Tiyodor, wanda ya rasu cikin 428, ya ce in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai zuba wa aya abin da ke cikin kansa, ya ce asiri ne. In Adamu misali ne, gonar misali ce, to me ya rage wanda ya faru da gaske? Wannan tsoro ba na banza ba ne, shi ne kuma tsoron da masu riƙon zahiri su ke ji har yau.

Wanda ya nemi tsakiya, shi ma mutumin Afirka ne. An haifi Agustin cikin 354 a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya zama babban limamin garin Hippo, watau Annaba, ya rasu cikin 430. Yana saurayi ya rena Attaura, yana ganin labarunta na ƙauyawa ne, sai da ya ji wa'azin Ambros a birnin Milan, mai buɗe ma'anar da ke bayan labarin, sa'an nan zuciyarsa ta kwanta. Ma'aunin da ya bari shi ne, duk abin da in an ɗauke shi bisa zahiri ba zai kai mutum ga kyakkyawan hali ko sahihiyar bangaskiya ba, to misali ne. Ya kuma yi wa 'yan'uwansa wani gargaɗi wanda ya kamata a ce an riƙe. Ya ce sau da yawa wanda ba Kirista ba ya san sha'anin taurari da ƙasa da dabbobi ta hanyar bincike, in kuwa Kirista ya zo yana yi masa shirme kan waɗannan abubuwa yana cewa haka littafinsa ya ce, ba kansa kaɗai ya kunyata ba, ya sa an rena littafin.

Ba a riƙe ba. Cikin 1529 Luta da Zwingli, shugabannin masu gyaran addini, suka haɗu a garin Marburg na Jamus don su haɗa kai, suka daidaita kan kusan kome, suka rabu kan gurasar jibin ƙarshe: Luta ya ce jikin Almasihu na nan cikinta da gaske, Zwingli ya ce alama ce. Cikin 1633 aka gurfanad da Galileyo a Rum don ya ce duniya ce ke kewaya rana, alhali littafin Joshuwa ya ba da labarin ranar da rana ta tsaya cik. Cikin 1650 wani babban limami na Ailan, Ussher, ya tara shekarun kakanni da ke jere cikin Attaura, ya fid da lissafi cewa an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Aka riƙa buga wannan adadi a gefen shafin littafin, har mutane suka ɗauka shi ma aya ne. Da masu binciken duwatsu suka nuna duniya ta fi haka tsufa nesa ba kusa ba, Darwin kuma ya fid da littafinsa kan asalin halittu cikin 1859, sai ginin ya fara tsagewa.

Amma tambayar da ta fi girgiza Ingila a zamanin Dorugu ba daga bakin Bature ta fito ba. Akwai wani bishop mai suna Colenso, wanda aka naɗa cikin 1853 don ƙasar Natal ta Afirka ta Kudu. Kafin nan malamin lissafi ne, littattafansa na lissafi sun cika makarantun Ingila. Ya zauna fassara littafin Farawa da harshen Zulu, daidai irin aikin da Schön ke yi da Hausa, shi ma da mataimakinsa, wani Bazulu mai suna William Ngidi. Da suka kai labarin ruwan Ɗufana, sai Ngidi ya ɗaga kai ya tambaye shi, ko shi da kansa ya gaskata cewa dukan dabbobi da tsuntsaye da masu jan ciki, na ƙasashen zafi da na sanyi, sun zo biyu biyu sun shiga jirgi guda, Annabi Nuhu kuma ya tara wa kowanne abincinsa, har da masu cin nama? Colenso ya san abin da masu binciken duwatsu suka gano. Ya ga ba zai iya duban idon mutumin nan ya faɗa masa abin da shi bai gaskata ba.

Sai ya koma ga sana'arsa ta fari, ya ɗauki alƙalami ya shiga lissafi. Littafin Fitowa ya ce mazaje wajen 600,000 suka fita Masar. In aka haɗa mata da yara, jama'ar ta haura miliyan biyu. Ya auna farfajiyar alfarwar sujada bisa kamun da aka faɗa, ya ga ba za ta ɗauki ko kaɗan daga cikin taron da aka ce ya hallara a ƙofarta ba. Ya ƙidaya hadayun da shari'a ta wajabta, ya ga limamai uku, Haruna da 'ya'yansa biyu, ba za su iya yankawa ba ko da ba su runtsa ba. Cikin 1862 ya buga wannan duka a littafi. Ingila ta ɗauka. Masu ba'a suka ce an aiki bishop ya juyo da Bazulu, Bazulu ya juyo da bishop. Cikin 1863 shugabansa na Cape Town, Bishop Gray, ya tuɓe shi, cikin 1865 kuma majalisar shari'a ta Sarauniya ta ce tuɓewar ba ta bisa ƙa'ida. Ya zauna Natal har rasuwarsa cikin 1883, abokai sun guje shi, yana tsaya wa Zulu a gaban gwamnatin Turawa. Su kuwa suna kiransa Sobantu, watau uban jama'a.

Ni a ganina Colenso da masu tsine masa jirgi ɗaya ya ɗauko su. Dukansu sun ɗauka cewa in adadi bai cika daidai ba littafin ya faɗi, shi ya sa su suka ƙi duban lissafin, shi kuma ya kasa ɗauke ido daga kansa. Da Orijen na da rai, da ya ce musu ai tuntuɓen nan an san da shi tun shekara dubu da ɗari shida. Amma ba a ƙwace wa Colenso abu guda: an yi masa tambaya tsakani da Allah, bai yi ƙarya ba.

Tambaya ta biyu, ta ingancin rubutun, nan ne Musulmi suka shigo fagen. Malaman Musulunci na da sun kasu biyu kan abin da a ke nufi da cewa Ma'abuta Littafi sun karkatad da magana. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu cikin 1064, ya bi Attaura da Linjila yana fid da wuraren da ya ga sun saɓa wa juna, ya ce lafazin kansa aka canja. Ibn Haldun, wanda ya rasu cikin 1406, ya karkata ga cewa al'umma ba ta kan ɓata littafin da ta ke girmamawa da gangan, karkatarwar a wajen fassara ta ke. Ka ga ashe tambayoyin nan biyu igiya ɗaya ta ɗaure su.

Cikin watan Afrilu na 1854, shekara guda kafin Dorugu ya sauka Ingila, aka yi muƙabala ta kwana biyu a birnin Agra na ƙasar Hindu, a gaban taron jama'a. A gefe guda ga Pfander, ɗan mishan Bajamushe, mai littafin Mizanul Haƙƙi. A ɗaya gefen ga Malam Rahmatullahi na Kairana, tare da wani likita, Wazir Khan, wanda ya iya Turanci ya kuma karanta littattafan masanan Turai. Makamin da suka zo da shi daga rumbun Kirista suka ɗauko shi, watau binciken da malaman Turai suka yi kan saɓanin tsofaffin kwafi. Pfander ya amsa cewa akwai wurare kaɗan da masu kwafa suka saɓa, amma ya ce ba su taɓa tushen koyarwa ba. Jama'ar Musulmi suka tashi suna ganin nasara tasu ce. Daga baya Rahmatullahi ya rubuta Izharul Haƙƙi cikin 1864, ya rasu a Makka cikin 1891. Wannan littafi shi ne ya zaburad da Ahmed Deedat na Durban, wanda kaset-kaset ɗinsa suka zaga ƙasar Hausa. Durban kuwa cikin Natal ta ke, ƙasar Colenso.

Mene ne gaskiyar maganar kwafin nan? Ba a da ko ɗaya daga takardun da marubutan farko suka rubuta da hannunsu. Abin da a ke da shi kwafi ne na kwafi, amma da yawa: na Sabon Alkawari da harshen Yunananci kaɗai sun fi 5,000, waɗansu cikakku, waɗansu 'yan gutsattsari. Wanda a ke lissafawa cikin mafi tsufa wani ɗan ɓallin Linjilar Yohanna ne da aka samo a Masar, bai kai tafin hannu ba, yawancin masana suna sa shi cikin ƙarni na biyu. Duk wanda ya taɓa kwafar littafi da tawada da alƙalamin kara ya san ido kan tsallake layi, hannu kan maimaita kalma, bayanin da wani ya rubuta a gefe kuma mai kwafa na gaba ya kan shigad da shi ciki. Cikin 1707 wani malamin Oxford, John Mill, ya gwada kwafi da kwafi ya ƙirga saɓani wajen 30,000. Mafi yawansu na harafi ne da jerin kalma, irin wanda fassara ma ba ta nunawa. Amma akwai manya. Cikin 1859 Tischendorf ya samo wani kundi na ƙarni na huɗu a gidan masu zuhudu da ke gindin Dutsen Sina'i, kundin da Ingila ta saya daga Rasha cikin 1933 kan fam 100,000. A cikinsa babu ayoyi goma sha biyu na ƙarshen Linjilar Markus, babu kuma labarin matar da aka kama da zina aka kawo don jifa. Ayar nan ta wasiƙar Yohanna ta fari mai ambaton shaidu uku a sama, ita ma ba ta cikin tsofaffin kwafin Yunananci.

Ta wancan gefen kuma, cikin 1947 makiyaya Larabawa suka tarad da tuluna cikin kogo kusa da Tekun Gishiri, cike da naɗaɗɗun fatu. Cikinsu akwai littafin Ishaya cikakke, wanda ya girmi kwafin Ibrananci da a ke da su a da da shekara wajen dubu. Da aka gwada, sai aka ga bambancin galibi na rubutun kalma ne, maganar tana nan yadda ta ke. Amma cikin kogunan nan aka sami gutsattsarin littafin Irmiya wanda ya fi na hannun mutane gajarta. Saboda haka wanda ya ce ko ɗigo bai motsa ba, bai duba ba, wanda kuma ya ce an sāke littafin ɗungum, shi ma bai duba ba. Ya kamata a faɗa kuma, waɗanda suka tono saɓanin nan suka buga shi kowa ya gani, yawancinsu Kirista ne masu ibada.

Akwai wani abu da kan sa masu muƙabala su yi ta sukar iska. In Musulmi ya ce Linjila, yana nufin littafin da aka saukar wa Annabi Isa. In Kirista ya ce Linjila, yana nufin labarin rayuwarsa da maganarsa wanda mutum huɗu suka rubuta, Matta da Markus da Luka da Yohanna, bisa ga imaninsa da jagorar Ruhu. Don haka in Musulmi ya nuna masa hannun ɗan'adam cikin littafin, yana ganin ya gama magana, Kirista kuwa bai taɓa musun hannun ba.

Yanzu mu komo Kano. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado cikin 1855, an yi wani malami a birni, Malam Ibrahim. Shi ba ɗan mishan ya gani ba, cikin Alƙur'ani ya yi ta bin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, haihuwarsa ba uba, da kiransa Kalma da Ruhi daga Allah. Malaman tafsiri sun fassara waɗannan laƙabai da cewa an halicce shi ne da umurnin Ubangiji kai tsaye, jingina shi ga Allah kuwa girmamawa ce. Malam Ibrahim ya ba laƙaban nauyin da ya wuce haka, har ya ɗaukaka Annabi Isa bisa sauran annabawa, ya tara almajirai suna jiran komowarsa. Aka kira shi ya janye, ya ƙi. Cikin shekarun 1860 aka tsire shi a kasuwar Kurmi. Mabiyansa, waɗanda a ke kira Isawa, suka watse, waɗansu suka nufi wajen Ningi, waɗansu ƙauyukan Zazzau. Gardamar da a Ingila ta ci wa Colenso abokai, a Kano rai ta ci.

'Yan mishan ba su iso birnin ba sai 1900, sa'ad da Bishop Tugwell ya zo da mutum huɗu, cikinsu har da Likita Miller. Sarki Alu ya ba su kwana uku su fita. Miller ya zauna birnin Zariya daga 1905, yana magani yana fassara, masu karɓar addininsa ba su taka kara sun karya ba. Sai cikin 1913 waɗansu daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa da kansu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba dukan Isawa suka bi ba, ba kuwa abin mamaki ba ne, gama Isan da suka gāda daga Alƙur'ani ba a gicciye shi ba, wanda Miller ya kawo kuwa gicciyen ne tushen labarinsa, ba kuma a matsayin misali ba. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa Gimi ya kashe mutane da yawa, aka kwashe sauran, daga baya suka zauna Wusasa, inda mishan ta koma cikin 1929. Daga wannan zuriya ce Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Cikin 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, Miller ne ya ɗauki mafi nauyin aikin. Mai fassara ba shi da wurin ɓuya, tilas ya zaɓi kalma, kowane zaɓi kuwa tafsiri ne. Wadda ta fi kowace nauyi ita ce Ɗan Allah. Kunnen Musulmi na jin haihuwa irin ta jiki, abin da ya ke tsarkake Ubangiji daga gare shi. Kirista kan amsa cewa shi ma bai ce haka ba, ya kan kuma kawo hujja daga Hausa kanta: ɗan kasuwa ba kasuwa ta haife shi ba, haka ɗan hanya, haka Ɗan Hausa ma da ya fito daga Turai. Hujjar na da daɗin ji, amma ba ta kai inda a ke so. Tun taron Nikiya na 325, inda aka ƙi koyarwar Ariyas na Iskandariya, ikilisiya ta tsaya kan cewa Ɗan da Uban zatinsu ɗaya. Watau kalmar ba haihuwar jiki ba ce, ba kuwa laƙabi ba ne kurum irin na ɗan kasuwa. Malamin da ya fahimci wannan zai ce to nan ne ainihin inda muka rabu, ya kuwa faɗi daidai. Gara a san wurin rabuwar da a yi ta faɗa kan abin da ba wanda ya faɗa.

Irin karatun da ya fi yaɗuwa cikin Kiristan Arewa ba na Wusasa ba ne, na mishan ɗin SIM ne. Mutum uku suka fara ta cikin 1893, biyu suka mutu cikin 1894, Gowans a Girku, Kent a Bida, Bingham kaɗai ya tsira. Sun fito daga jama'ar Kanada da Amurka masu riƙon cewa littafin ba kuskure cikinsa ko kaɗan, jama'ar da ta ja daga da masu sabon bincike, har aka kai ga shari'ar 1925 a jihar Tennessee, inda aka ci wani malamin makaranta tarar dala 100 don koyad da ra'ayin Darwin. Su suka buɗe asibitin ido na Kano cikin 1943, daga cikinsu kuma ikilisiyar ECWA ta fito cikin 1954. A shekarar nan ta 1943 Paparoma Pius na 12 ya ba malaman Katolika izini su lura da irin zancen da kowane littafi ya ke, ko tarihi ne, ko waƙa, ko misali. Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda aka haifa cikin 1936, shi ya zama babban mai kāre hanyar ECWA a Afirka duka. Ya yi jayayya da malamai irin su Mbiti na Kenya da Idowu na Ibadan, yana ganin sun ba addinin gargajiya matsayin da nassi bai ba shi ba. Ya rasu a teku kusa da Mombasa cikin 1975, bai cika arba'in ba.

Sai dai fa masu riƙon zahiri su ma sun gamu da nasu Ngidi. Mutumin ƙasar nan da ya koyi karatu ya buɗe Attaura, sai ya ga duniyar da ya sani: makiyaya da rijiyoyi, sadaki da kishiyoyi, mafarki da hadaya. Ya ga Annabi Ibrahim da Yakubu da Dawuda ba mai mace ɗaya. Ya tambaya, in an ce a ɗauki kwana shida yadda su ke, don me za a ce ya saki uwar 'ya'yansa kafin a yi masa baftisma? Nan ɗan mishan ya kan koma bayani, ya ce wancan zamani dabam ne, watau shi ma ya shiga tawili. Colenso tun da wuri ya ce zalunci ne a kori matan. Taron bishop-bishop na Lambeth ya ƙi ra'ayinsa cikin 1888, bai sassauta ba sai 1988.

Fassarar 1932 ta yi shekara 47 tana aiki kafin sabuwa ta fito cikin 1979, da Hausa mai sauƙi. Cikin abubuwan da aka sāke har da laƙabin nan Kristi, wanda aka mayar Almasihu. Na farko daga Yunananci ya fito, na biyu daga Ibrananci ta hanyar Larabci, ma'anarsu kuwa ɗaya ce, wanda aka shafa wa mai don keɓewa. Duk da haka tsofaffi da yawa ba su saki na da ba, gama da shi suka yi hadda. Wanda ya wuce ta ƙofar majami'ar masu Hausa a Kano ran Lahadi, ya kan ji mai karatu ya ce Almasihu, in aka tashi waƙa kuma jama'a su ce Kristi.